Gahawar Sudan: Goro, Hanyar Birnin Gwari da Sanin Ƙwaya

A shekarar 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ƙetare Kwara a wajen Busa, ya biyo ta Kulfo, ya sauka a Birnin Gwari, daga nan ya wuce Zariya da Kano. Hanyar da ya bi tsohuwar hanyar fatake ce, wadda kofaton jakuna ya daɗe da murje ta tsakanin Kano da Gwanja, kuma kayan da ya fi kowanne daraja a kanta shi ne goro. Larabawan da ke ciniki a ƙasashen nan suna kiran goro da wani suna da ya kamata mu riƙe, wato gahawar Sudan, ma'ana gahawar ƙasar baƙar fata. Sun gane cewa aikin da gahawa take yi a Alkahira da Makka, na korar barci da haɗa zama da karrama baƙo, shi goro yake yi a Kano da Sakkwato. Yau da matasa a biranenmu suka fara tambayar wace irin ƙwayar gahawa za su saya, da wane irin kayan dafawa, ana nuna musu kamar ilimi ne sabo fil da sai an koyo shi daga Turai. Ni kuwa ina ganin rabin ilimin nan yana gida tuntuni, a wurin mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓen goro, kuma abu na farko da yake koyarwa shi ne ƙwaya ce gaba da tukunya.

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarauniya Amina ta Zazzau Sarkin Nupe ya aiko mata da goro 10,000, ya kuma ce a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19 cinikin ya kai ƙololuwa a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda Paul Lovejoy ya rubuta tarihinsu a littafinsa na 1980. Ayari ɗaya yakan kai mutum dubu ko fiye, ga madugu mai yanke shawara, ga jagaba a gaba, ga uban dawaki mai sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin wucewa. Suna tafiya da kanwa da tufafin rini da kayan fata da gabu, su sauke a kasuwar Salaga, su ɗauko goron da aka tsinko a dazuzzukan Asante. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa fiye da kayan jaki 500 na goro ke shiga birnin kowace shekara, kowane kaya kuma yana kai wuri 200,000, amma ya gindaya sharaɗi: in ya iso lafiya, don goro abu ne mai saurin lalacewa.

A cikin sharaɗin nan duk gwanintar take. Goro ɗanye ne, yana da rai, in ya bushe ya zama itace, in ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe. Saboda haka a zango, bayan an sauke wa jakuna kaya, sai a kwance huhu, a baza goron, a bi shi ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa ana neman wanda sankara ta huda, a tsame shi kafin ya ɓata na kusa da shi, a canza ganyen fita da ya yanƙwane, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a mayar a ɗaure. Haka za a yi ta yi daga Salaga har kasuwar Kurmi ta Kano. Mutanen da suka yi wannan wahala ba su bar goro da suna ɗaya ba. Akwai marsa, manya, akwai minu, ƙanana. Akwai daushe, wanda ya kwana shekara ɗacinsa ya kwanta. Akwai fari da ja, akwai hannun ruwa mai yauƙi wanda ba a ba shi daraja, akwai ɗan Laboji na ƙasar Nupe wanda ya yi suna a fadoji. Ana ƙirga shi da ƙwarya, ɗari ke nan. Dattijo a kasuwa zai ɗauki goriya ya juya ta, ya fasa ya saurari ƙararta, ya gaya maka inda ta fito da lokacin da aka tsinke ta. Asali, girma, lokaci, ajiya, lahani: tambayoyin da mai sayen gahawa a Addis Ababa ko Landan yake yi ke nan, ba ƙari ba ragi.

To me ya hana gahawa kafuwa a nan, alhali hanyarta a buɗe take? Asalin itacen daga tsaunukan Habasha ne, kuma sufayen Yaman ne suka fara shanta a ƙarni na 15 don su iya raya dare da zikiri. Ta shiga Makka har wani hakimi mai suna Khair Beg ya hana ta a 1511, hanin da bai daɗe ba, ta kai Istanbul a tsakiyar ƙarni na 16. Alhazanmu sun gan ta, Larabawan Gadamas da ke zaune a Kano sun san ta, kalmar ma ta shigo Hausa daga Larabci. Amma ta tarar da gurbinta a cike. Goro yana ɗauke da sinadarin kafeyin kamar yadda take ɗauke da shi, kuma ba ya neman wuta ko tukunya ko ruwa, a aljihu yake tafiya, ana raba shi biyu a miƙa wa na kusa. Ya shiga neman aure da raɗin suna da ta'aziyya, ya shiga bakin mutane har in aka ce maka albishirinka sai ka ce goro, kyautar salla kuwa ko kuɗi ce sunanta goron salla. Abin da ya samu irin wannan gindin zama baƙo ba ya tumɓuke shi, shi ya sa ma a wasu wurare abin da ake sayarwa da sunan gahawa ruwan kayan ƙamshi ne da citta da kanumfari, babu ƙwayar gahawa ko ɗaya a ciki.

Tsohuwar hanyar fataken goro kuwa ta mutu a hankali. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892, fatake suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana ta yau zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata, Ba'agale, yana cikin waɗanda suka bi wannan sabuwar dabara. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Manoman Yarabawa kuma suka dasa irin goron Gwanja a wajen Agege da Shagamu, har suna kiransa gbanja, Hausawa suka kafa unguwar Sabo a can suna saye. Ayari ya daina sauka a Birnin Gwari. Daga baya titin mota na Kaduna zuwa Tegina ya mayar wa garin da zirga-zirga, sai kuma dajin da ya kewaye shi, daga Kamuku zuwa Kuyambana, ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Mayu na 2018 an kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska a hari guda. Wani zai ce, da gaskiyarsa, maganar ɗanɗanon gahawa a ƙasar da aka yi wannan ɓarna rashin ta ido ne. Amma tarihin goro yana nuna cewa kaya mai laushi ba ya tafiya sai a hanya mai aminci, kuma rabin aikin madugu neman amincin nan ne. Ƙasar da ake tunawa da ita da hare-hare kawai ta cancanci a tuna cewa ta taɓa zama mashigar ɗaya daga cikin manyan cinikayyar Afirka ta Yamma, kuma mutanenta sun ciyar da ayari sun shayar da shi.

Lokacin da gahawa ta shigo gidajen talakawa, a gwangwani ta shigo. Kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a 1938, gari mai narkewa a ruwan zafi, kuma wannan garin ne ya sauka a teburin mai shayi, kusa da madara da sukari da burodi. Ba laifi ba ne a sha shi, direban da zai kwana a hanya ya san amfaninsa. Sai dai ya zo ba fuska. An riga an dafa gahawar a masana'anta an busar da ita, babu ƙwayar da za a juya a hannu, babu tambayar daga ina, babu ta yaushe. Jikan mutumin da ba zai karɓi goro ba sai ya fasa ya gani, shi ne ya saba da cewa a sa masa cokali ɗaya ko biyu. Wannan ita ce asarar, kuma ita ce ta sa yau ake ganin mai kuɗin sayen inji shi ne masanin gahawa.

In aka mayar da tambayoyin mai goro, al'amarin ya sauƙaƙa. Gahawar kasuwa iri biyu ce babba. Arabika tana son tudu mai sanyi, ta fi ƙamshi, da ɗan tsami mai daɗi. Robusta, wadda asalinta dazuzzukan Afirka ta Tsakiya da ta Yamma ne, tana jure zafi, ta fi ɗaci, kafeyin ɗinta kuma ya kusa ninka na arabika, kuma ita aka fi yin gari mai narkewa da ita. Ƙasar Birnin Gwari ba ta yi wa ko ɗaya ba, kamar yadda ba ta yi wa goro ba, saboda ranin ya yi tsawo. Amma ana noman arabika a tsaunin Mambila a Jihar Taraba da kuma tudun Jos, robusta kuma a jihohin kudu. Abin lura ne cewa cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, ita aka ɗora wa binciken goro da na gahawa a lokaci guda. Mai saye sai ya nemi ƙwaya, ya bar gari. Ya zuba ta a tafin hannu ya duba ko girmanta ɗaya, don ƙanana kan ƙone kafin manya su soyu. Ya tsame baƙa da fasasshiya da wadda ƙwaro ya huda, domin gahawa ma tana da tata sankarar, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan marasa kyau suna ɓata tukunya guda. In soyayya ce ya tambayi ranar da aka soya ta.

Mai jayayya zai ce kwatancin ya karye a nan, tunda goro danshi yake so, gahawa kuwa danshi ne ajalinta, kuma goro kan gyaru da daɗewa har ya zama daushe, ita kuwa tsufa lalata ta yake yi. Gaskiya ne, wanda ya yayyafa wa gahawa ruwa ya naɗe ta a ganye ya yi asarar kuɗinsa. Amma abin da fatake suka bari ba ƙa'idar yayyafi ba ce, ɗabi'ar sanin cewa ƙwaya tana canzawa kullum kuma ajiya ce ke yanke mata hukunci. Ɗanyar ƙwayar gahawa tana iya kai shekara a wuri busasshe. Da an soya ta, kwanakinta sun koma makonni. Da an daka ta, ƙamshin ya fara gudu nan take, saboda iska ta samu shiga kowane ɓangare. Don haka a sayi kaɗan, a rufe a kwalba ko gwangwani mai matsewa, nesa da rana da zafin murhu da warin daddawa, a daka na shan yau kawai. Da damina, lokacin da gishiri ke jiƙewa a kwano, sai an ƙara kula.

Jayayya ta ƙarshe ita ce ta kuɗi, cewa kayan dafa gahawa sun fi ƙarfin mai albashi. Injin da ke matso ta da ƙarfin tururi yana da tsada, amma shi baƙo ne a tarihin nan. Takardar tacewa wata matar gida ce a Dresden, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro ta a 1908, ƙaramar tukunyar Bialetti ta Italiya kuwa sai 1933. Kafin su gahawa ta yi ƙarni huɗu ana shanta da kasko da turmi da tukunya, kuma har gobe haka ake yi a Habasha da Sudan. Hausawan da suka zauna a Sudan kan hanyar hajji, irin mutanen Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suna zaune cikin masu shanta a jabana, 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, sau da yawa da citta. Duk gidan da ake suyar gyaɗa ana iya suyar gahawa: kasko a wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba tsayawa, launin ya tashi daga kore zuwa ruwan ƙasa, sai a ji ƙwayar ta fara fashewa ƙas-ƙas, jim kaɗan bayan nan a sauke a zuba a faifai a fifita, kafin mai ya fito mata ta yi baƙi. Turmin dai a keɓe mata nata, don wanda ya sha dakan yaji ba ya sakin barkono. Abu ɗaya na yarda turmi ya gaza a kai, dakansa ba ya yin daidai, wani gari wani tsaki, garin ya ba da ɗaci tsakin ya ba da salam. Saboda haka mai 'yan kuɗin da zai sayi abu ɗaya, ya sayi ƙaramin injin niƙa na hannu. Sauran duk suna madafa: ruwa mai tsabta da aka sauke daga tafasa aka bari ya ɗan huce, kimanin giram 60 na gari ga lita ɗaya, minti huɗu a rufe, sannan a tace da farin ƙyalle wanda ba a wanke shi da sabulu mai turare ba.