Jingina, Haraji da Kango

Wanda ya kalli hotunan Altadena bayan gobarar Janairun 2025 zai tuna bututun hayaƙi na jan bulo a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, babu bango babu rufi, sai toka a gindinsu. Gobarar nan da 'yar'uwarta ta Palisades sun cinye gine-gine fiye da 16,000 a yankin Los Anjeles na jihar Kalifoniya. Ba a gama yi wa mutane jaje ba sabon wata ya kama, lokacin biyan banki. Magidanci yana raɓe a otal ko a falon surukai, sai saƙo ya shigo wayarsa wai lokacin biyan kuɗin gida ya yi. Wane gidan?

Ba tambayar rainin hankali ba ce. Mukan ce "bashin gida" da "harajin gida", har baki ya sa muka ɗauka bashin a jikin bango yake, harajin kuma a kan rufi. Da haka ne, da wuta ta biya duka biyun. Sai an bi sunayen zuwa tushensu ake gane inda kowanne ya rataya.

Turawa suna kiran wannan bashi mortgage. Aro ce daga tsohon Faransancin da ya zama harshen shari'a a Ingila bayan 1066: mort, matacce, gage, abin da aka bayar a riƙe. Matacciyar jingina ke nan. Alƙali Edward Coke, a sharhin da ya fitar a 1628, ya bi fassarar da ta fi shahara: in mai bashi ya kasa biya, ƙasar ta mutu a wurinsa, ta tafi har abada, in ya biya, jinginar ce ta mutu a wurin wanda ya ba da rance. Bayanin yana da daɗin ji, amma ni na fi yarda da wanda ya girme shi. A littafin shari'ar da ake jingina wa Glanvill, na wajen ƙarshen ƙarni na 12, jingina iri biyu ce. Akwai rayayya, wadda amfanin gonar yake rage bashin har ya ƙare. Akwai matacciya, wadda mai rance yake cin amfanin shekara da shekaru, bashi kuma yana nan ko kwabo bai ragu ba. Littafin ya ɗauke ta wani nau'i na riba, ko da yake kotun sarki ba ta hana ta ba.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan matacciyar, bai dai san sunanta na Ingila ba. Ina yaro kawuna ya jinginar da gonarsa ta fadama saboda bikin 'yarsa. A zauren mai unguwa aka yi, da shaidu biyu da goro. Damina bakwai muna wucewa muna ganin raken wani a gonarmu, ranar da aka je fansa kuma aka ƙirga kuɗin cif kamar yadda aka karɓa. Malamanmu sun daɗe suna ƙyamar wannan, domin rance ne ya jawo amfani.

Ita kalmar tamu hotonta daban ne. Jingina ita ce ka kai abin da ba ya iya tsayuwa ka haɗa shi da abin da ke tsaye, kamar tsani a jikin katanga. To wa aka jingina da wa? A baki muna cewa an jinginar da gida, alhali a zahiri bashin ne aka jingina da gidan. Hankali kuwa zai ce in katanga ta faɗi, tsani ya bi ta.

Malaman fiƙihu sun yi wannan muhawara tun da daɗewa a babin rahanu, kalmar da ta zo a aya ta 283 ta Suratul Baƙara. Hanafawa suna ganin idan abin jingina ya halaka a hannun mai riƙe da shi, bashi ya faɗi gwargwadon ƙimarsa. Shafi'awa suka ce amana ce, bashi yana nan. Malikawa, waɗanda muke bi, suka raba: abin da ake iya ɓoyewa, kamar zinariya ko tufa, mai riƙo ne zai yi ramuwa in ba shi da shaidar cewa ba sakacinsa ba ne, abin da ba ya ɓoyuwa, kamar gida ko gona, asararsa a kan mai shi take. Gida ya ƙone kowa yana gani, babu wanda za a tuhuma da ɓoyewa, bashi kuma yana wuyan wanda ya ci.

Dokar Amurka ta iso kusan wuri ɗaya ta wata hanyar. Ranar sayen gida takarda biyu ake sa wa hannu. Ta farko alkawari ce: na karɓi kaza, zan biya cikin shekara kaza, galibi talatin. Ta biyu ita ce jinginar, wadda ta ba banki ikon sayar da kadarar in an saɓa. Wuta tana iya rage darajar ta biyun, amma ba ta da hanyar kaiwa ga ta farko. Ko ta biyun ma ba gini kaɗai ta ambata ba, ta haɗa da filin da ke ƙarƙashinsa. Kalifoniya dai tana da sassaucin da ta gada daga matsin tattalin arzikin shekarun 1930: idan rancen sayen gidan da mutum yake zaune a ciki ne, banki zai iya karɓe kadarar, amma ba zai bi shi cikon abin da ya rage ba. Jihohi da yawa ba su da wannan kariya.

Tunda wuta tana iya rage darajar jinginar, banki ba ya ba da rance sai da inshora, kuma a nan ne mutane da yawa suke fara sanin matsayinsu. Cekin diyyar gini yakan zo da suna biyu, na mai gida da na banki. Mutum ya riƙe takardar dubban ɗaruruwan daloli a hannunsa, ba ya iya taɓa ko sisi sai ya sa hannu ya aika wa bankin. Su kuma su ajiye, su riƙa sakin kuɗin kashi-kashi: an zuba harsashi, mai dubawa ya zo ya gani, a saki wani abu, an yi rufi, a ƙara.

Kalmar da aka fi ji a makonnin farko bayan gobarar ita ce forbearance, kuma na ga masu fassara suna mayar da ita "yafiya". Kuskure ne mai tsada. Ɗaga ƙafa ce. Manyan bankuna biyar sun amince da kwana 90 ga waɗanda gobarar Los Anjeles ta shafa, Fannie Mae da Freddie Mac kuma, waɗanda suke riƙe da kaso mai yawa na basussukan gidajen ƙasar, suna yarda a kai wata goma sha biyu. Amma kuɗin watannin yana taruwa, ko a biya shi daga baya ko a tura shi ƙarshen bashin. Bahaushe ya san bambancin "na bar maka" da "sai bayan kaka".

Haraji shi ma sunansa ya tona asalinsa. Daga kharaj na Larabci yake, kuɗin da aka ɗora wa gonaki, irin wanda Halifa Umar ya sa wa ƙasar noma ta Iraƙi. Mu ne muka saba da shi a kan kawunan mutane zamanin En'e, har muka manta da ƙasa ya fara. Ingila ta taɓa gwada ɗora shi a kan ginin kansa: a 1662 aka kafa harajin murhu, sule biyu a shekara kan kowane murhu. Shekara huɗu bayan nan gobarar Landan ta cinye gidaje kusan 13,200 da murahunsu. A 1689 aka soke shi, saboda mutane sun tsani masu shiga har cikin gida suna ƙirgawa. Nakan tuna wannan idan na ga bututun Altadena, abin da aka taɓa ƙirgawa a karɓi kuɗi shi kaɗai ya rage a tsaye.

Takardar harajin kadara a Kalifoniya layi biyu take da shi. Ɗaya na fili, ɗaya na abin da suke kira improvements, wato ƙarin da aka yi wa filin. A idon mai ƙiyasta haraji, ɗakin da aka haifi 'ya'yanka ƙari ne kawai. Tun dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 1978, ana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na ƙimar da aka rubuta, kuma ƙimar ba ta hawa fiye da kashi biyu a shekara. In masifa ta auku, asarar ta kai dala 10,000, mai gida yana da wata goma sha biyu ya nemi a sake ƙiyasi. Layin ƙarin ne yake sauka. Na filin yana nan, ko da an ɗan taɓa shi. Wanda ya sake gina kwatankwacin abin da ya rasa kuwa, tsohuwar ƙimarsa ake mayar masa, ba ta sabon gini ba. Ga wanda ya sayi gida shekara arba'in da suka wuce, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A Najeriya ma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta raba biyun: ƙasa tana hannun gwamna bisa amana, mai takardar mallaka izinin zama yake da shi, yana biyan kuɗin ƙasa na shekara, kuma ba ya jinginar da ita a banki sai da yardar gwamna. Hausa tana da suna ga abin da gobara take bari: kango. Ba gida ba ne, don babu mai kwana. Bai koma fili ba tukuna, don ana iya nuna inda ɗakin girki yake. Fom ɗin haraji ba shi da gurbin wannan kalma.

A Altadena kangon bai daɗe ba. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta bi fuloti-fuloti da katafila, ta tuge bututun hayaƙin, ta kwashe toka, ta kankare ƙasar sama har kusan inci shida. Aka bar fili a share, da lambarsa a littafin gunduma, takardar haraji kuma aka riƙa aika ta sabon adireshin da mai shi ya bayar.