Ruwan Korama da Matamaye ta Gobe

Da aka ce in rubuta wani abu na tarihi a wannan ɗan littafi na tunawa, sai na ga babu abin da ya fi dacewa irin ruwa. Baƙo zai yi dariya, ya ce Matamaye ba teku ba gulbi, wane ruwa? To, ruwanmu a ƙarƙashin ƙafarmu yake. Korama tsohon kwari ne da ya ratsa ƙasar Kance, Magarya da Mirya. Ba ya gudu kamar kogin Yamai, amma a fadamunsa ka haƙa gaba biyu ko uku ka tarar da ruwa. Shi ya ba mu rake, rogo, dankali da kayan lambu, shi ya sa kakanninmu suka zauna nan tun ƙasar tana ƙarƙashin sarakunan Damagaram.

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899. Daga 1906 zuwa 1908 su da Ingilishi suka bi suna kafa alamun iyaka, sai ga Daura ta koma wata ƙasa, mu wata. Amma hanyar Kano ba ta mutu ba, har yau ta Ɗan Barto muke fita mu faɗa Kwangwalam. Abin da ya raya wannan hanya a wancan zamani shi ne gyaɗa. Ku tambayi tsofaffi labarin kakar gyaɗa, za ku ga fuskarsu ta canza. An kafa SONARA a 1962 don saye da fitar da ita, kuma a wancan lokaci a nan garin namu akwai masana'antar matsar man gyaɗa. Burin mutanen lokacin a fili yake: Matamaye ta zama garin masana'antu, yaro ya gama lakwal ya samu aiki a gida.

Fari na 1973 da 1974 ya karya wannan buri, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa shi, 1984 kuma ta zo da tata yunwar. Ni a ganina kuskuren ba na manoma ba ne. An ɗora gari kan amfani guda wanda farashinsa a Turai ake yanke shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni, kuma ba kasafai ake koya mana shi a aji ba. Manoma suka daina tumɓuke tohon itace in suna sharar gona. Suka riƙa barin ƴan gawo, suna sassabe su, suna kare su daga gatari da awaki. Gawo kuwa kun san halinsa: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa abincin dabbobi. Yau masana daga ƙasashen waje suna zuwa kallon gonakin Magarya, Matamaye da Mirya, har suna kiran su "M uku". Babu wani minista da ya dasa waɗannan itatuwa, iyayenmu ne da ƴar addarsu.

Sai dai itace bai hana gona ƙanƙancewa ba. Yankinmu yana cikin mafi cunkoso a Nijar, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabo. Daga nan tafiya Aljeriya ta samo asali. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawansu ƴan ƙasar Kance. Ƙishirwa ce ta kashe su, mutanen da suka baro ƙasar da ruwa ke kusa da tafin ƙafa. Allah Ya jiƙansu da rahama.

To, me mutanen gari ke fata yanzu? In ka zauna majalisa bayan la'asar, ba dogon buri za ka ji ba. Mai lambu yana son a tare rairayin da ke cinye fadama, a kuma san yawan injinan ban ruwa da kwarin zai iya ɗauka, don rijiyar da aka yi wa yawa ƙafewa take. Mai rake ya gaji da ganin ana loda shi ɗanye zuwa wasu garuruwa, yana son a sarrafa shi nan, ko da mazarƙwaila ce mai tsabta a cikin leda. Ƴan kasuwa sun ɗanɗana rufe iyaka a 2019 da kuma 2023, yanzu idonsu na kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai bi ta Daura. Mata kuwa, kusan duk wadda na tambaya abu guda ta ce: sana'ar da za ta hana ƴarta shiga motar Agadas.

Mu a ƙungiya ba za mu iya shimfiɗa layin dogo ba. Amma dattawan da suka ga masana'antar gyaɗa tana aiki, suka san inda bakin kowace fadama yake kafin rairayi ya rufe shi, suna nan a sahun gaba na masallatanmu, kuma kowace shekara suna raguwa. Shawarata ga kwamiti ita ce a wannan hutun kowane reshe ya ɗauki waya da littafi, ya je ya zauna da mutum biyu daga cikinsu, a rubuta sunayen fadamun da zurfin rijiyoyinsu na da, mu auna da na yanzu.