Daga Kafireta Zuwa Sensa: Yadda Gyaran Mota Ya Sauya a Ƙasar Gobir

Mai karatu, in ka taɓa bin hanyoyin Sabon Birni da Isa, ko ka shiga ƙauyuka irin su Kamarawa da ke dab da iyakar Zamfara, ka san mutuwar mota a can ba ƙaramin abu ba ne. Tsofaffin direbobi kan ce motar da sai ta yi maka gargaɗi kafin ta mutu, ta yanzu kuwa fitila kawai za ta kunna ta tsaya cak. Akwai gaskiya a maganar, kuma tana da tarihi.

A 1929 layin dogo ya iso Ƙauran Namoda, sai manyan motoci suka soma jigilar gyaɗa da auduga daga wannan yanki zuwa tasha. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ta zama motar ma'aikatan gwamnati da na asibiti masu shiga ƙauye. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, 504 da a-kori-kura suka cika tashoshi. Duk waɗannan ƙarfe ne da waya. Kafireta ke gauraya mai da iska, kwantak ke ba filogi wuta. In ta tsaya a daji, direba ya hure kafireta, ya goge kwantak, a tura, a ci gaba da tafiya.

Sauyin daga Amurka ya taso. Hayaƙin motoci ya addabi birane irin su Los Anjeles, sai aka yi dokar tsaftace iska a 1970. Kafireta ba ta iya auna mai daidai yadda dokar ke so. A 1976 kamfanin Bosch ya fito da sensar da ke auna oksijin a cikin hayaƙi, aka fara sa ta a motocin Volvo. Daga nan ƙaramar kwamfuta, wato ƙwaƙwalwar mota, ta karɓi aikin. Tun 1996 kowace ƙaramar mota da aka sayar a Amurka dole ta zo da soket iri ɗaya, OBD-II, inda ake jona na'ura a karanta abin da ke damunta. Motocin Kwatano da sababbin Hilux da Land Cruiser ne suka kawo mana wannan zamani.

To ina matsalar? Ƙwaƙwalwar ba ta gani, abin da sensa ta faɗa mata shi take aiki da shi, ƙasarmu kuwa tana wahalar da sensa. Ɗauki mai auna iskar da ke shiga inji. Siririyar waya ce da ake ɗumamawa, iska na sanyaya ta, daga wutar da ake ƙara mata ake gane yawan iskar. Ƙurar hunturu ta lulluɓe wayar, lissafi ya rikice, mota ta riƙa shan mai tana kasa ja. Sensar karanshaf kuma maganaɗisu ne da naɗin waya, tana ƙirga haƙoran wani faifai don a san lokacin ba da wuta da mai. In ta tsufa, zafin bazara kan buɗe tsagar da ke cikin naɗin, inji ya mutu, bayan ya huce ya sake tashi kamar ba abin da ya faru. Da damina, laka da ruwan fadama ke shiga soket da sensar ƙafafu. Ita kuwa ta oksijin, dalma ke kashe ta, kuma sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da fetur mai dalma.

A wannan yanki maganar ta wuce ɓata lokaci. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda 'yan bindiga. Motar da ta ɗauko mai naƙuda ko allurar rigakafi, ta tsaya a dajin Gundumi ba halin kiran kowa, ka san abin da hakan ke nufi.

Ga abin da ya kamata ka sani. Jar fitilar man inji ko ta zafi, tsaya ka kashe. Mai ruwan ɗorawa da ba ta ƙiftawa, galibi za ka iya lallaɓawa zuwa gari. In mota ta rage gudu da kanta, ƙwaƙwalwar ce ke kare inji, kada ka matsa mata. Kafin ka zargi sensa, duba kan batir, fiyus, soket da wayar da ɓera ko zafi ya ci. A motoci da dama, in ka zare soket ɗin mai auna iska, ƙwaƙwalwar kan koma lissafin da aka ajiye mata, ta kai ka gida. Ta karanshaf ba ta da wannan sauƙin, don haka sayi ta ajiya tun daga Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano. In fitilar ABS ce kaɗai ta kama, birkinka na nan, taimakon hana sulɓi ne ya ɗauke.

Ƙaramar na'urar karanta lambobi tana haɗuwa da wayarka ta Bluetooth, ba ta buƙatar sabis. P0335 na nuni ga layin sensar karanshaf, P0101 ga mai auna iska. Lambar tana nuna inda za a duba ne, laifin na iya zama na waya. Direban 504 ba ya fita sai da filogi da fanbel a but. Kai ma kafin ka kama hanyar Isa, sa na'urar da sensar ajiya kusa da sifana.