Kumburi da Lalacewar Ƙwaƙwalwa Sakamakon Ƙarancin Kwararar Jini: Bitar Hujjoji Domin Asibitocin Garin Lafiya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar binciken da aka wallafa kan yadda ƙarancin jini mai daɗewa ke haddasa kumburi a ƙwaƙwalwa, sannan ta auna shi da halin masu hawan jini da masu sikila a garin Lafiya, Jihar Nasarawa. Matsayarta ita ce ɓarnar tana farawa tun kafin shanyewar ɓarin jiki, kuma abin da aka tabbatar yana tare ta shi ne gyara kwararar jinin.

1.0 Gabatarwa

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan jijiya ta toshe gaba ɗaya, sashen da take ciyarwa yakan mutu, a kwaso mara lafiya zuwa asibiti baki a karkace. Wannan kowa ya san shi. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne jinin da bai yanke ba, bai kuma isa ba, shekara da shekaru.

Siffarsa sananniya ce. Dattijon da a da yake lissafin buhunan riɗi da ka, yanzu sai ya tsaya tsakiyar lissafi. Takunsa ya gajarta, yana jan ƙafa, fitsari na kuɓuce masa, yana rikicewa a adadin raka'o'i. Iyali su ce, "Ai Baba gigin tsufa ne ya kama shi." Sau da yawa akwai tsohon katin asibiti a gidan mai nuna hawan jini, da maganin da aka ajiye tun ranar da aka ce jinin ya sauka.

2.0 Yadda ɓarnar ke aukuwa

Mai noman rani ya san cewa idan ruwa ya ja baya, fangalin da ke ƙarshen kwalbati ne ke fara bushewa. Haka farin sashen ƙwaƙwalwa yake: siraran jijiyoyi masu tsawo ne ke kai masa jini, kuma yana can ƙarshensu. Hawan jini da ciwon suga suna kaurara bangon waɗannan jijiyoyi, hanyar ta tsuke.

A wannan sashe ne wayoyin saƙo suke, kowace a lulluɓe da wani kitse da ake kira mayelin, tamkar robar da ke jikin wayar lantarki. Ƙwayoyin da ke ƙera mayelin ba su jure ƙarancin oksijin. Da sun fara galabaita, sai maikirogiliya, wato dogarawan garkuwar ƙwaƙwalwa, su farka su saki sinadaran kumburi irin su TNF da IL-1, tare da wasu da ke narkar da shingen da ya raba jini da ƙwaƙwalwa. Shingen na tsagewa sai furotin na jini ya tsiyaya ciki, ya ƙara harzuƙa dogarawan, jijiyoyin su ƙara lalacewa. Ke nan mai gadi ne ya koma yana rushe katanga. Wannan kumburi ba ya zafi, ba ya tashi a fata, shi ya sa mara lafiya ba ya kawo kukansa.

Mafi yawan hujjar daga dabbobi ta fito. Wakita da abokansa a Japan, a 1994, sun ɗaure jijiyoyin wuya biyu na ɓeraye, suka ga maikirogiliya sun farka kafin farin sashen ya zaizaye. A 2004 Shibata da abokansa suka tsuke jijiyoyin da ɗan zobe mai faɗin milimita 0.18, suka samu irin wannan sakamako. Magunguna irin su minosaikilin sun rage ɓarnar a ɓeraye. Sai dai ɓeran gwaji matashi ne da aka tsuke wa jijiya rana ɗaya, ba dattijon da ya shekara 20 da hawan jini ba. A ganina bai kamata a gina magani a kan wannan hujja ita kaɗai ba.

3.0 Hujjojin da suka shafi yankinmu

Binciken SIREN da aka gudanar a Najeriya da Gana, har da cibiyoyi a Kano da Zariya, ya ruwaito a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki na da nasaba da hawan jini. A Amurka kuma, gwajin SPRINT MIND na 2019 ya nuna saukar da lambar sama ta jini ƙasa da 120 ya rage raunin tunani mai sauƙi da kusan kashi 19. Akwai dai hattara: ƙwaƙwalwar da ta saba da jini mai ƙarfi ba ta son a kayar da shi farat ɗaya. Tsohon da ke jin jiri idan ya miƙe yana bukatar a sake duba maganinsa.

Batun yara masu sikila ya fi tayar da hankali. Ana ƙiyasta haihuwar kusan 150,000 a Najeriya duk shekara. Kimanin kashi 11 cikin 100 kan samu shanyewar jiki kafin shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba, kuma fiye da haka suna ɗauke da tabon da ba ya nuna alama sai a hoton MRI. Ford da abokanta sun nuna a 2018 cewa tabon ya fi taruwa a wuraren da jini ya fi ƙaranci, wato can ƙarshen kwalbatin. Irin wannan yaro ne malami ke kira daƙiƙi a aji.

A nan akwai mafita da aka gwada a gida. Kafin ta, gwajin STOP na 1998 ya tabbatar cewa na'urar Dofla da ake ɗorawa a gefen kai tana gano yaran da ke cikin haɗari, wato waɗanda gudun jininsu ya kai santimita 200 a daƙiƙa, kuma ƙarin jini a kai a kai na kare su. Ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin yawancin iyaye. Gwajin SPRING, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka yi da Jami'ar Vanderbilt aka wallafa a 2022, ya ba irin waɗannan yara 220 maganin haidiroksiyuriya, bai kuma sami bambanci mai ma'ana tsakanin miligiram 10 da 20 ga kowane kilo ba. Ƙaramin awo ma yana aiki.

4.0 Shawara

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Nasarawa da Jami'ar Tarayya ta Lafiya da su sa awon Dofla na shekara-shekara ga duk yaro mai sikila daga shekara 2 zuwa 16, a horar da ma'aikatan jinya a kai. A asibitin masu hawan jini kuma, bayan an cire awon daga hannu, a sa dattijo ya taka daga kujera zuwa ƙofa a kalli takunsa, a kuma tambayi wanda ya rako shi yaushe ya daina riƙe lissafin gida.