Dofus: yadda ake gina jarumi da tsara faɗa a wasan intanet na Faransa

Dofus wasa ne na intanet da dubban mutane ke yi a lokaci guda cikin wata duniyar almara, inda kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ɗaya yana raino, daga mataki na 1 zuwa mataki na 200. Kamfanin Ankama da ke birnin Roubaix a arewacin Faransa ne ya fitar da shi a watan Satumba na shekarar 2004. Mutum uku suka kafa kamfanin a 2001: Anthony Roux da Camille Chafer da Emmanuel Darras, kuma daga sunayensu aka haɗa sunan Ankama. Da Faransanci aka rubuta wasan tun asali, shi ya sa ya fi karɓuwa a ƙasashen da ake amfani da wannan harshe.

Sunan Dofus na nufin ƙwan dodon nan mai fiffike da ake kira dragon. A labarin wasan akwai manyan ƙwai shida, Émeraude, Pourpre, Turquoise, Ocre, Ivoire da Ébène, waɗanda suka warwatse a duniyar da ake kira Monde des Douze. Neman su ne ƙashin bayan labarin, amma abin da ke cin lokacin ɗan wasa shi ne yanke shawara kan irin jarumin da zai gina da yadda zai yi faɗa da shi.

Yadda faɗa yake

Abin da ya bambanta Dofus da yawancin wasannin irinsa shi ne faɗan bi da bi ake yi. Fagen a rarrabe yake gida-gida kamar na dara, kowa kuma sai lokacinsa ya zo yake motsawa. Saurin yatsa ba shi da wani tasiri sosai. Lissafi ne ke kai mutum. Wannan ma ya sa wasan ya fi jure raunin intanet a kan wasannin harbi, ko da yake kowane ɗan wasa yana da ƙayyadaddun daƙiƙoƙi, in suka wuce bai yi komai ba, lokacinsa ya tafi.

Abu biyu jarumi ke kashewa a kowane zagaye. Na farko makin aiki, PA, wanda da shi ake jefa sihiri ko a kai sara. Na biyu makin tafiya, PM, wanda kowane ɗaya ke ba da damar taka gida guda. Jarumi na farawa da PA 6 da PM 3, idan ya kai mataki na 100 a ƙara masa PA ɗaya. Sauran sai ta hanyar kayan da ya sa, kuma a wasan kwamfuta iyakar ita ce PA 12 da PM 6.

Muhimmancin maki ɗaya na fitowa a lissafi. Mai PA 6 da ke da sihiri mai cin PA 4 sau ɗaya kawai zai jefa shi, 2 su yi saura. Mai PA 8 zai jefa sau biyu, mai 12 sau uku, matuƙar sihirin ya yarda a maimaita shi. Saboda haka gwanaye ke fara duba farashin sihirorin da suke son haɗawa a zagaye guda, sannan su nemi kayan da zai kai su daidai wannan adadi.

Rukunonin jarumai

Akwai rukuni 19 a wasan kwamfuta, na ƙarshe da aka ƙara shi ne Forgelance a 2022. Da yawa daga cikin tsofaffin sunayen wasa ne da kalmomi: Enutrof kalmar fortune ce aka juya, Eniripsa kuma aspirine, Crâ kuwa arc, wato baka. Ana iya kasa su bisa aikin da suka fi ƙwarewa a kai:

Masu ɓarna. Iop na bugu mai ƙarfi a kusa, Crâ na harbi daga nesa, Roublard na dasa bama-bamai, Sram na ɗana tarko yana ɓacewa.

Masu kariya da warkarwa. Eniripsa ke mayar wa abokai da rai, Féca ke rage musu zafin bugu, Sacrieur kuma ke shiga gaba ya sha dukan.

Masu sarrafa fage. Pandawa na ɗaukar aboki ko abokin gaba ya jefa shi inda ya so, Eliotrope na buɗe ƙofofin da sihiri da mutane ke bi su fito wani wuri, Enutrof na ƙwace wa dodo makin tafiya, Xélor na wasa da makin aiki da sauya wa mutane wuri.

Masu kiran mataimaka. Osamodas na kiran dabbobi, Sadida na tsiro da itatuwa da ƴan tsana, Steamer na kafa injuna.

Ga sabon shiga da ke wasa shi kaɗai, an fi ba da shawarar Crâ ko Iop, domin aikinsu a fili yake. Xélor da Roublard da Eliotrope sai an yi haƙuri, don amfaninsu ba ya fitowa sai mutum ya iya hangen zagaye biyu ko uku a gaba.

Halaye shida da rabon maki

Duk lokacin da jarumi ya hau mataki ana ba shi maki 5 ya raba tsakanin halaye shida. Daga mataki na 1 zuwa na 200 jimillar ta kama 995. Vitalité na ƙara rai. Sagesse na sa a hau mataki da sauri, tana kuma taimakawa wajen ƙwace ko kare PA da PM. Sauran huɗun kowanne na tafiya da wani sinadari: Force da ƙasa, Intelligence da wuta, Chance da ruwa, Agilité da iska. Kowanne kuma yana da wata riba ta gefe. Intelligence na ƙarfafa warkarwa, Chance na ƙara yawan ganimar da ake samu, Agilité na taimakawa wajen riƙe abokin gaba ko kuɓuce masa, Force na ƙara nauyin kayan da jarumi zai iya ɗauka.

Farashin maki ba ɗaya ba ne. A halayen sinadaran, 100 na farko maki ɗaya-ɗaya ne, daga 100 zuwa 200 biyu-biyu, daga 200 zuwa 300 uku-uku, daga nan kuma huɗu-huɗu. Sagesse kullum uku-uku ce, Vitalité ɗaya-ɗaya. Wanda ya zuba 995 ɗinsa duka a hali guda zai tsaya a 398. Wanda ya raba gida biyu zai samu 265 a kowanne.

A nan ne babbar muhawarar ƴan wasa take: sinadari ɗaya ko biyu? Kowane maki na hali yana ƙara kashi 1 cikin 100 na ƙarfin sihiri. A ɗauki sihirin da asalin ƙarfinsa 30 ne. A hannun mai 398 zai yi ɓarnar 149, a hannun mai 265 kuma 109. Mai sinadari ɗaya ya yi gaba ke nan. To amma dodanni suna da juriya, wani na jure ƙasa, wani wuta. In aka gamu da dodon da ke jure rabin bugun ƙasa, 149 ɗin nan ta koma 74, alhali mai sinadari biyu zai juya zuwa wuta ya ci gaba da 109 ɗinsa. Shi ya sa aka saba fara wasa da sinadari ɗaya, lokacin da maki da kaya ba su da yawa, a bar haɗawa sai an yi nisa.

Kuskuren da sabbi suka fi yi shi ne yayyafa maki ko'ina, kaɗan nan kaɗan can, jarumin ya tashi bai iya bugu ba bai iya juriya ba. Na biyu shi ne zuba komai a Vitalité don tsoron mutuwa. Jarumi na farawa da rai 55, ana ƙara masa 5 a kowane mataki, wato 1050 a mataki na 200, kaya kuma na ƙara fiye da haka. Faɗan da ya daɗe kuwa dodo yake yi wa daɗi, don akwai abin da ake kira érosion: kashi 10 cikin 100 na kowane bugu da aka sha ba ya warkuwa har a gama faɗan.

Akwai kuma takardun da ake kira parchemins, waɗanda ke ƙara wa kowane hali har maki 100 ba tare da an taɓa 995 ɗin ba. Suna da tsada, don haka ana fara cika halin da jarumi ke bugu da shi.

Kaya

Daga tsakiyar wasa zuwa sama, kaya sun fi makin mataki tasiri. Jarumi na sa hula, alkyabba, laya, zobe biyu, ɗamara, takalma, makami da garkuwa, yana da dabbar rakiya ko ta hawa, sannan gurbi shida na ƙwan Dofus ko lambobin da ake kira trophées. Kayan da suka fito daga gida ɗaya, panoplie, suna ba da ƙari idan aka sa su tare. Na Bouftou, wani dodo mai kama da rago, na cikin waɗanda kusan kowa ya taɓa sawa a farkon tafiyarsa. Ƙwan Ocre na ba da PA ɗaya, amma samunsa na bukatar kama rayukan ɗaruruwan dodanni, aikin da kan ɗauki watanni.

Maƙeran sihiri, masu sana'ar forgemagie, suna gyara kaya da ƙananan duwatsu da ake kira runes, su ƙara wani hali su rage wani. Mafi tsada shi ne cusa wa kaya PA ko PM da ba a yi shi da su ba, abin da ƴan wasa ke kira exo. Damar dacewa kaɗan ce ƙwarai, kuma mutane da yawa sun ƙarar da dukiyarsu ta wasa a nan. Ƙa'idar da aka saba bi wajen zaɓen kaya ita ce a fara da PA da PM, sai nisan jifa ga masu harbi, sai halin bugu, sai juriya, wadda iyakarta ga ɗan wasa kashi 50 cikin 100 ne.

Dabarun fage

Kafin a fara faɗa ana ba kowane ɓangare gidajen da zai tsaya, kuma sau da yawa daga nan ake ci ko a faɗi. Mai harbi na neman nesa da wani abin fakewa, domin yawancin sihirori sai ana ganin juna suke tafiya. Dutse ko itace ko ma jikin aboki na iya tare hanya. Dabarar da aka fi sani ita ce a fito a yi harbi a koma bayan shinge da sauran PM.

Wanda ya manne da abokin gaba ba ya tafiya yadda ya so. In ƙarfin riƙon abokin gaban ya fi nasa ƙarfin kuɓuta, zai yi asarar PA da PM wajen janyewa. Da wannan ne Sacrieur ko Pandawa ke tsare dodo a lungu yayin da sauran ke dukansa. Haka nan dodon da ba ya bugu sai a kusa, in aka ƙwace masa PM, ya zama ɗan kallo.

Ƙungiya na iya kaiwa mutum takwas. A manyan kogunan dodanni, donjons, kowane shugaban dodanni yana da sirrinsa, wasu ma ba sa jin bugu sai an cika wani sharaɗi, kamar a tura su wani wuri ko a fara kashe wani na kusa da su. Ƙungiyar da kowa mai bugu ne takan sha kashi a irin wannan wuri, inda wadda ta haɗa mai bugu da mai warkarwa da mai sarrafa fage ke wucewa da kaya marasa tsada. Faɗa tsakanin ƴan wasa kuma ana yin sa a Kolizéum, kuma kayan da suka dace da dodanni ba lalle su dace da can ba, don a can juriya da rai sun fi daraja.

Kasuwa

Kuɗin wasan sunansa kama. Ana samunsa ta faɗa da kuma sana'o'i irin su noma, saran itace, haƙar ma'adinai, su, ɗinki, ƙira da dukanci. Ƴan wasa ne ke sa wa kaya farashi a kasuwannin birane kamar Astrub da Bonta da Brâkmar. Wanda ya kama sana'a tun da wuri yakan sayi kayansa da guminsa, wanda ya yi ta hawa mataki babu sana'a kuma yakan kai sama da kayan yara.

Sigogin wasan

An sake fasalin wasan a Disamba 2009 da sunan Dofus 2.0, sannan a Disamba 2024 aka mayar da shi kan injin Unity a matsayin Dofus 3. Dofus Touch, na wayar salula da tablet, ya fito a 2016. Dofus Retro, wanda ya dawo da tsohuwar siga ta 1.29, ya fito a 2019. Alƙaluman da ke sama na wasan kwamfuta na yanzu ne. A Retro kowane rukuni da nasa farashin maki, Touch ma yana da nasa dokoki da kaya, don haka shawarar da aka rubuta don wata siga na iya ɓata jarumi a wata. A kwamfuta, yankin koyo na Incarnam da kewayen Astrub kyauta ne, sauran duniyar sai an biya kuɗin rajista. A Touch kuwa ana shiga ko'ina ba tare da biya ba.

Abin lura

Jarumin mataki na 200 aikin watanni ne ko shekaru, shi ya sa ɓarayi ke farautarsa. Hanyar da suka fi bi ita ce aiko da saƙo cikin wasa mai alƙawarin kyauta, da adireshin shafin da ya yi kama da na Ankama, don mutum ya rubuta kalmar sirrinsa. Sayen kama da kuɗin gaske a hannun ƴan bayan fage ya saɓa wa dokar kamfanin, kuma yana iya jawo rufe asusu. Mai wasa a gidan intanet na haya ya kamata ya tabbatar ya fita daga asusunsa kafin ya tashi.

Akwai kuma batun lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Ma'aunin da ta bayar ba yawan sa'o'i ba ne kawai, sai dai a ga mutum ya kasa dainawa, wasan ya gaba da karatu ko aiki ko iyali, kuma ya ci gaba duk da illar ta bayyana, yawanci tsawon watanni 12. Ga iyayen da ɗansu ke wasan, abin da za su fi dubawa shi ne barcinsa da sakamakonsa na makaranta da kuɗin da ke tafiya wajen sayen intanet.