Gishiri, Hayaƙi da Sanyi: Yadda Turawa Suka Koyi Adana Naman Alade

Kafin a ƙirƙiro firiji, manomin Turai yana da matsalar da ke jiransa duk ƙarshen shekara. Da Nuwamba ta kama, ciyawa ta mutu, ƙanƙara na gab da rufe ƙasa, sai abincin dabbobi ya yi wuya. Saniya tana ba da nono, sa yana jan garma, tunkiya tana ba da ulu. Shi kuwa alade ba a morarsa sai bayan ya faɗi, don haka shi ake fara kayarwa. Dama tun kaka an kora shi daji ya ƙoshi da 'ya'yan itatuwan da suka zubo, ya yi kitse. A ƙasashe da yawa ranar Waliyyi Martin, 11 ga Nuwamba, ita ce ke buɗe lokacin yanka. Sai dai dabba guda ta fi ƙarfin tukunyar gida ɗaya, kuma da naman nan za a lallaɓa har sanyi ya wuce.

Galibin masu karanta wannan rubutu Musulmi ne, naman nan haram ne a gare su, ni ma ba zancen ci na kawo ba. Amma mai son sanin yadda talakan Turai ya riƙa ƙetare damunar ƙanƙara shekaru dubu biyu, dole ya leƙa inda yake rataye namansa.

Wajen shekara ta 160 kafin haihuwar Annabi Isa, Kato Babba, wani ɗan siyasar Rum, ya rubuta littafi kan aikin gona, a ciki ya bayyana yadda ake yi. A zuba gishiri a gindin tulu, a jera cinyoyi, kowace a lulluɓe ta da gishiri yadda ba za ta taɓa 'yar'uwarta ba. Bayan kwana biyar a juya, na sama su koma ƙasa. Idan an cika kwana goma sha biyu a fitar, a kakkaɓe, a rataye su sha iska kwana biyu, a shafa mai, a ba su hayaƙi kwana biyu, sannan a shafa mai da ruwan tsami. Duk wanda ya ga yadda ake yi yau a ƙauyukan Italiya zai gane aikin nan take.

Gishiri yana zuƙe ruwan nama, ƙwayoyin cuta kuma ba sa yaɗuwa inda babu ruwa. Matsalar ita ce cinya tana da kauri, gishiri yakan yi makonni kafin ya kai ƙashi. A tsakanin nan sanyi ne kaɗai ke gadin naman. Idan yanayi ya yi ɗumi ba zato, sai ya ruɓe daga ciki. Shi ya sa mai kilishi a Kano ko Yamai yake feɗe nama falle-falle ya shanya, don rana da busasshiyar iska su gama aiki da wuri, Bature kuwa yake iya ajiye cinya sukutum. Hatta a cikin Turai yanayi ne ya raba hanya. A arewa mai danshi, kamar yankin Westfaliya na Jamus, sai an haɗa da hayaƙi, wanda ke busar da fata ya kori ƙudaje. A Parma ta Italiya da Habugo ta Sifaniya, iskar duwatsu ta wadatar.

A Sifaniya abin ya wuce batun abinci. Bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, an kori Yahudawa, daga baya aka tilasta wa Musulmi karɓar Kiristanci. Kotun binciken aƙida ta Coci ta riƙa sa ido kan waɗanda suka sauya addini, kuma maƙwabci kan kai ƙarar mutum don kawai ba a taɓa ganin naman alade a tukunyarsa ba. Cinyar da aka rataye a gida ta zama shaidar da ke kare mutum daga zargi. Hakan bai hana a kori zuriyar Musulmin nan daga ƙasar ba, daga 1609 zuwa 1614.

Daga Sifaniya alade ya ƙetare teku: Kolombos ya kai aladu tsibiran Karibiyan a tafiyarsa ta biyu a 1493, Hernando de Soto ya sauke wasu a Florida a 1539. A da, a jihohin kudancin ƙasar Amurka kusan kowace gona tana da ɗakin banda, ɗan ƙaramin gini marar taga, da wuta mai cin itacen hikori a hankali, da kwaɗo a ƙofa. Kwaɗon yana da dalili: naman gishiri da garin masara su ne abincin da ake auna wa bayi mako-mako, cinyoyi masu kyau kuwa na teburin ubangida ne. Lokacin yaƙin basasa sojojin Arewa sun gane inda lagon yake, suka ragargaza ma'aikatar gishiri ta Saltville a Virginia cikin Disambar 1864. Gishiri ya yi tsadar da har mutanen Kudu suka riƙa haƙe ƙasar daɓen ɗakunan bandarsu, suna tafasa ta don su tace gishirin da ya ɗiga shekara da shekaru.

Sana'ar tana da nata gawarwakin. Tun wajen 1820 wani likita a Jamus, Justinus Kerner, ya yi rubutu kan wata guba da ke shanye jikin waɗanda suka ci daƙaƙƙen naman da aka cusa a hanji aka yi masa banda ba da kyau ba. Ba a san musabbabinta ba sai a 1895, lokacin da wata ƙungiyar makaɗa a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam ta yi busa a wajen jana'iza, ta ci cinyar gishiri bayan an tashi, mutum uku suka mutu. Emile van Ermengem na jami'ar Ghent ya bincika ragowar naman, ya gano ƙwayar da ke haddasa gubar botulizim, wadda ke rayuwa inda iska ba ta shiga.

Abin mamaki, maganin yana hannun mahauta tun da daɗewa ba su sani ba. Sun saba barbaɗa wani irin gishiri da ake haɗa albarushi da shi, don ya sa nama ya yi ja. A ƙarshen ƙarni na 19 masana suka gano cewa ƙananan ƙwayoyin halitta ne ke juya shi ya koma sinadarin naitirayit, a 1901 kuma John Scott Haldane ya bayyana yadda jan launin ke samuwa. Daga baya aka tabbatar sinadarin yana daƙile ƙwayar botulizim. Amurka ta halatta zuba shi kai tsaye a 1925, aikin makonni ya koma na kwanaki, masana'antun Chicago suka ƙara ƙwace kasuwa. Da dokar kai lantarki karkara ta 1936 ta shigar da firiji gidajen manoma, ɗakunan banda suka fara zama wurin ajiye tarkace.

Masu yi a gida yau sha'awar ɗanɗano ce ke sa su, ba tsoron yunwa ba, kuma da ma'auni suke auna naitirayit, domin idan ya yi yawa shi kansa guba ne. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji. Masu cinyar Parma sun daina amfani da sinadarin tun 1993. Gishirin teku kaɗai dokarsu ta yarda da shi, kuma ba a buga wa cinya hatimin kambin garin sai ta haura shekara a rataye.