Matan da Yaƙin Basasar Ingila Ya Bari da Takardar Koke

A ranar 23 ga Oktoba, 1642, dakarun Sarki Charles na Ɗaya suka gwabza da na majalisar dokoki a Edgehill. Kashegari majalisar ta yi alkawarin ɗaukar nauyin sojojinta da suka nakasa, da matan waɗanda suka mutu da marayunsu. Tsohuwar dokar 1593 ta zamanin Sarauniya Elizabeth ta tanadar wa nakasassun sojoji fansho, amma babu matar mamaci a cikinta.

Yaƙin ya ci gaba har zuwa 1651, kuma masanin tarihi Charles Carlton ya ƙiyasta cewa mutum kusan 85,000 ne suka mutu a fagen daga, wasu kusan 100,000 kuma cututtuka suka kashe su, a ƙasar da yawan jama'arta bai wuce miliyan biyar ba sosai.

Alkawari daban, kuɗi a hannu daban. Dokar 1647 ta ɗora biyan a kan gundumomi, inda alƙalai ke zama sau huɗu a shekara. Matar da ba ta iya rubutu ba sai ta nemi magatakarda ya tsara mata koke: sunan mijinta, kyaftin ɗin da ya bi, inda ya faɗi, da yawan 'ya'yan da ya bar mata. Sai ta nemo takardar shaida daga hafsan mijin, ta roƙi maƙwabta da limamin coci su sa hannu, sannan ta yi tattaki zuwa garin da kotu ke zama. A cikin irin waɗannan takardu ake jin matan da suka sayar da gado da tukwane don ciyar da yara.

Idan aka dace, sau da yawa fanshon bai wuce fam biyu a shekara ba, wato sule 40, alhali lebura mai aikin gini yana samun kusan sule ɗaya a yini. Wadda ta sake aure kuwa galibi ta yi sallama da kuɗin.

A 1660, da aka dawo da sarautar da yaƙin ya kawar, reshe ya juye da mujiya. Matan sojojin majalisa suka rasa fanshonsu, matan 'yan bayan sarki, waɗanda suka shafe shekaru ba su da bakin roƙo, suka fito da nasu koken. Su ma ba su sha da daɗi ba, domin dokar 1662 ta sa nakasassun sojoji a gaba, mata sai abin da ya rage a asusu, yawanci kyauta ta sau ɗaya.

Dubban waɗannan takardu suna nan a rumbunan ajiyar gundumomin Ingila da Wales. Daga 2017, masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andrew Hopper suka shiga tattara su suna sa su a intanet, kuma kowa na iya karantawa kyauta.